HAWAN JINI: CIWON DA BA YA SALLAMA

Wata ranar kasuwa da hantsi, ina cikin ɗakin magani ina wanke wa wani yaro gyambo, sai na ji hayaniya a bakin ƙofa. Da na fito na tarar an kawo wani magidanci a kan amalanke, an lulluɓe shi da bargo. Bakinsa ya karkace, hannunsa na dama da ƙafarsa ta dama sun saki, yana so ya yi magana amma harshe ya ƙi. Shekarunsa ba su wuce 50 ba. Na san shi, manomi ne ƙaƙƙarfa, wanda ya kan ɗaga buhun gero shi kaɗai ba mataimaki.

'Yan'uwansa suka ce jiya lafiya lau ya yini a gona. Da asuba ya fito zai yi alwala, sai buta ta suɓuce daga hannunsa, ya zube nan tsakar gida. Su a ganinsu iska ce ta buge shi, gama an gan shi ya bi ta gindin tsamiya da almuru. Na ɗaura masa abin awo a damtse, na ga 210 bisa 120. Na tambayi ƙanensa ko an taɓa auna jininsa. Ya ce, "Haba Malam, me zai kai shi awo? Mutumin da ko ciwon kai ba mu taɓa jin ya ce yana yi ba."

Muka tura shi babban asibiti. Allah ya sa da sauran kwanansa a gaba, ya rayu, amma damina biyu ke nan bai riƙe fartanya ba. An sayar da shanun noma an yi jinya, babban ɗansa kuma ya bar makaranta ya kama gona. Amsar nan da ƙanensa ya ba ni ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin kusan kowa a ƙauyukanmu haka ya ke tsammani, wai ciwo sai ya yi sallama kafin ya shigo. To, jama'a, hawan jini ba ya sallama. Aikinsa irin na gara ne a cikin azara: daga waje itace garau, sai ranar da ɗaki ya rufta.

Mene ne hawan jini?

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san injin ban ruwa da tiyonsa. Zuciya ita ce injin, jijiyoyin jini su ne tiyo. Zuciyar baligi tana bugawa kamar sau 70 a minti ɗaya, watau wajen sau 100,000 a yini da kwana, tana tura jinin jiki, wanda bai wuce kimanin lita 5 ba, zuwa kai da ƙafa da ko'ina. In ka danne bakin tiyo da babban yatsa, ka san yadda ruwa ke fita da ƙarfi, tiyon ya kumbura, injin ya canja kuka. Haka jiki ya ke. In jijiyoyi suka tsuke, ko suka yi tauri, ko ruwa ya yi yawa a cikinsu, tilas zuciya ta ƙara ƙarfin turawa. In ƙarfin nan ya zauna a sama, yau da gobe, bai sauko ba, shi ne hawan jini.

Yau da gobe kuwa sai tiyo ya gaza. In jijiyar da ke cikin ƙwaƙwalwa ce ta fashe ko ta toshe, shi ne shanyewar ɓarin jiki, irin abin da ya sami mutumin nan. In zuciya ce ta gaji, sai numfashi ya riƙa sarƙewa, ƙafafu su kumbura, mutum ya kasa kwanciya sai da matashi biyu ko uku. In ƙoda ce ta lalace, jinyarta ta fi ƙarfin aljihun mafi yawanmu. Ido ma yana dushewa.

Ku lura da wannan: hawan jini ba yawan jini ba ne. Na sha ganin mutum ya ji an ce jininsa ya hau, ya tafi wurin wanzami a yi masa ƙaho don a rage. Ƙaho ba ya buɗe jijiyar da ta tsuke. Mace tana iya zama da ƙarancin jini, idonta fari fat, ga kuma hawan jini a tare.

Awonsa lamba biyu ne. Ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki tana hutawa. Na mai lafiya ya kan tsaya wajen 120 bisa 80 ko ƙasa da haka kaɗan. In an auna mutum a ranaku biyu dabam dabam aka sami ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to yana da hawan jini, ko da ya ke shi ba ya jin kome. Abin awon da mu ke ɗaurawa a damtse wani likita ne a ƙasar Italiya ya ƙago shi a shekarar 1896, sa'an nan a 1905 wani likitan soja na Rasha mai suna Korotkof ya gano yadda a ke sauraron bugun jini a gwiwar hannu don a sami lambobin biyu. Yanzu akwai mai aiki da batir wanda ke nuna lamba da kansa. Ba allura, ba zafi, ba ɗibar jini.

"Ai ciwon masu kuɗi ne"

Wannan magana na ji ta har na gaji, kuma ba daga sama ta faɗo ba. A shekarar 1929 wani likita Bature da ke aiki a Kenya ya auna mazan karkara 1,000, ya rubuta cewa jininsu ba ya hawa ko da shekaru sun ja. Daga nan likitoci suka daɗe suna tsammanin ciwon nan na Turawa ne da mutanen birni. Amma cimar kakanninmu da zamansu ba irin namu ba ne. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa masu hawan jini a duniya sun tashi daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019. Fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane ba a ƙasashen masu arziki su ke ba, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. A Nijeriya ma, wajen mutum ɗaya ne cikin uku na manya. Ku ƙirga magidantan da ke sahun gaba a masallacinku, ku raba uku.

Waɗansu kuma su kan ce tunani ne kaɗai ke kawo shi, saboda haka wanda ba shi da damuwa ya tsira. Gaskiya ne ɓacin rai da rashin barci suna ɗaga jini, amma na auna masu fara'a da yawa na sami nasu a sama. Akwai gado: in mahaifi ko mahaifiya sun yi shi, ɗa ya yi hattara. Akwai shekaru, gama jijiya tana ƙara tauri in mutum ya manyanta. Waɗannan biyu ba yadda za mu yi da su. Sauran kuwa a hannunmu su ke, galibinsu ma a tukunyar miya.

Gishiri, dunƙule da kanwa

A nan zan daɗe, domin nan ne uwargida ta fi likita iko. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki. Ku dubi yadda ya ke jiƙewa da kansa a cikin ƙwarya da damina. In ya yi yawa a abinci, ƙoda ta kasa fitar da shi duka, ruwa ya ƙaru a jijiyoyi, jini ya hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada abin da baligi ke ci ya kai giram 5 a yini, watau bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba. Ba a kowane abinci ba, a yini gaba ɗaya, tun daga koko da ƙosai na safe har tuwon dare. Na yara kuwa bai kai haka ba.

Da yawa in na faɗi wannan sai uwargida ta ce, "Malam, ni ai ba na sa gishiri da yawa." In na tambaye ta dunƙule nawa ta ke jefawa a miya, sai ta yi dariya ta ce biyar ko shida, ban da farin magi. Dunƙulen nan kusan rabinsa gishiri ne tsantsa. Wadda ta sa shi sa'an nan ta ƙara gishiri, sau biyu ta zuba. Ga yajin da a ke barbaɗa wa tsire da balangu da dafaffen ƙwai, shi ma da gishiri da dunƙule a ke daka shi. Ga burodi, wanda ba a jin gishirinsa a baki amma yana ciki. Ga taliyar leda da yara ke so, ƙullin garin da ke cikinta gishiri ne ya fi yawa. Iyayenmu da daddawa su ke miya, da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da busasshen kifi, kuma ba wanda ya ce miyarsu lami ce.

Kanwa 'yar'uwar gishiri ce. Sinadarin da ke ɗaga jini a cikin gishiri, wanda a ke kira sodiyam, shi ne a cikinta. Muna jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, a kuɓewa da karkashi don su yi yauƙi, a ɗanwake, a ruwan tuwo. Kaɗan kaɗan ne, amma kullum ne. Wake in an jiƙa shi tun dare zai nuna ba tare da ita ba. Inda ta fi ba ni tsoro shi ne kunun kanwa na mai jego, wanda a kan dama da kauri a ba ta safe da yamma har kwana arba'in. A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan masu jego da a ke kawowa zuciyarsu ta gaza, suna haki, jiki ya kumbura, suka ɗora zargi a kan yawan kanwa da wankan ruwan zafi da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya ya nuna akwai waɗansu dalilai kuma. Duk da haka ba mai musun cewa kanwa mai yawa tana tara ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta gama ɗaukar nauyin ciki wata tara ba ta bukatar ƙarin kaya. Ina roƙon iyayenmu mata da ungozomomi, a dama wa mai jego kunun gyaɗa ko na tsamiya, a ba ta nama da wake da ganye. Nono zai zo.

Ban ce a daina gishiri gaba ɗaya ba. Gishirin da aka sa wa aidin yana hana maƙoƙo, shi za ku saya. A rage ne da sannu. Wannan mako a cire dunƙule ɗaya, mako na gaba a rage ɗan yatsa na gishiri, kada kuma a kawo shi a gefen akushi don mai ƙari. Cikin 'yan makonni harshe zai saba, har miyar da ta ke daidai a dā ta zama ta yi zartsi. Mai gida kuwa, kada ka ture kwano ka ce an raina ka. In tukunya ɗaya aka gyara, kowa a gidan ya amfana, har yaran da ba su san ana yi ba.

Ƙiba, zama da sauransu

Mu kan ce wane ya yi tumbi, ya ji daɗi. Tumbin nan kaya ne zuciya ke ɗauka dare da rana ba saukewa. Dā mutum ya kan taka zuwa kasuwar ƙauyen gaba ya komo, yanzu ko masallacin Juma'a sai a kan babur. Daka da niƙa sun koma wurin inji. Manomi yana wahala da damina, amma daga kaka zuwa bazara da yawa a dandali su ke yini. Abin da a ke so shi ne tafiya mai ɗan sauri, wadda za ta sa gumi ya tsattsafo, minti 30 a yini, kwana biyar a mako. Matan da ba su fita su ma suna iya zagaya tsakar gida, ko su koma ga turmi wani lokaci.

Ganye da 'ya'yan itace suna taimakon jiki ya fitar da gishiri. Ba sai an je birni ba: zogale, rama, yakuwa, alayyafo, kabewa, wake, dankali, gwanda, mangwaro, goba, ayaba. Wanda dai aka riga aka ce ƙodarsa ta taɓu, ya tambayi likita abin da zai ci. A rage kitse da soye-soye, da shayi mai cokali huɗu na sukari, da lemon kwalba, don su ke kawo ƙiba da ciwon sukari, shi kuwa ciwon sukari abokin tafiyar hawan jini ne.

Taba tana ɓata bangon jijiya, ko ta hayaƙi ce, ko ta gari da a ke cusawa a leɓe ko a shaƙa. Giya da burukutu suna ɗaga jini. Goro da gahawa su kan ɗaga shi na ɗan lokaci, saboda haka mai hawan jini ya rage. Akwai kuma abin da mutane ba su lura da shi ba, watau ƙwayoyin ciwon jiki da a ke saye a kemis ko a tire a kasuwa, irin su ibufurofen da dikilofenak, da haɗin da 'yan ƙwadago ke watsawa kowane dare, da maganin ƙiba da 'yan mata ke sha. Shan su kullum yana ɗaga jini, yana kuma cin ƙoda.

Mai ciki

Ciki yana iya kawo nasa hawan jinin, galibi daga wata na biyar zuwa sama, har ga yarinyar da ba ta taɓa ciwo ba, musamman a cikin fari. In fuska da hannaye suka kumbura, ko kai ya yi ta sarawa, ko ido ya riƙa ganin walƙiya ko hazo, ko ciwo ya tokare ƙarƙashin haƙarƙari, a kai ta asibiti ran nan, kada a jira gobe. Abin da ke biyo baya shi ne jijjiga, wadda a ke kira taune-taune, tana kuwa kashe uwa da ɗa. Ba aljanu ba ne. Babban amfanin awon ciki ke nan, kuma mai gida ne ke da alhakin barinta ta zo. Bayan haihuwa ma a sake auna ta.

Yadda a ke zuwa awo

Kowane baligi ya kamata ya san lambarsa. Wanda ya kai shekara 40, ko mai ƙiba, ko wanda ciwon ke gidansu, ya zo ko sau ɗaya a shekara, ko da yana jin kansa garau. Kada ku ci goro, ko ku sha taba ko shayi, rabin awa kafin awo. Ku kewaya tukuna. In kun iso ku zauna minti biyar ku huta, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, kada a harɗe. Sa'ad da a ke awo a yi shiru, gaisuwa ta jira. Ku sa a rubuta muku lambar da ranar a takarda, ku adana. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, gama wani da ganin farar riga jininsa ke tashi, shi ya sa mu ke cewa a komo. Kowace shekara, ran 17 ga watan Mayu, duniya tana tunawa da wannan ciwo, amma ɗakin magani ba ya jiran wannan rana.

Magani

In an rage gishiri an gyara zama amma jini bai sauko ba, ko kuwa tun farko ya yi sama ƙwarai, sai a haɗa da ƙwaya. Mu gode Allah da muka zo a zamanin da akwai ta. Shugaban Amurka, Ruzbelt, hawan jini ne ya fasa masa jijiya a ka ya mutu a watan Afrilu na 1945, yana da shekara 63, ga manyan likitoci kewaye da shi, domin magunguna masu kyau ba su samu ba sai a ƙarshen shekarun 1950. Abin da ya gagari shugaban ƙasa a lokacin, yau ƙwaya ɗaya ce a yini, irin su amlodifin.

Amma ga inda a ke faɗuwa. Mun saba da maganin zazzaɓi, kwana uku an gama. Na hawan jini ba haka ya ke ba. Ba ya kashe ciwon, danne shi ya ke yi, kamar dutsen da a ke ɗora wa jinka don iska. Mutum ya sha wata ɗaya, a auna a ce jini ya sauko, ya ce alhamdu lillahi na warke, ya ajiye. Ba ya jin kome, jini kuwa ya koma inda ya ke. Da yawa daga waɗanda a ke kawo mana da shanyewar jiki sun san suna da ciwon, maganin suka bari. Galibi sha ne na muddin rai. Na san kuɗi yana wuya, amma ku gwada kuɗin ƙwayar wata guda da kuɗin shanun noma biyu.

In magani ya sa ku jiri, ko kumburin ƙafa, ko tari, ku komo ku faɗa, akwai wani iri da za a canja. Kada ku sha na maƙwabci, kada ku ba wani naku. Da azumi a tambayi malamin asibiti yadda za a mai da shan zuwa sahur ko buɗa baki. Ana yawan tambayata zoɓo da tafarnuwa. Zoɓon da ba a cika masa sukari ba yana ɗan taimakawa, ban hana ba, amma ba ya maye gurbin ƙwaya. Mai tallan magani a mota da lasifika, wanda ya ce kwalba ɗaya za ta raba ku da hawan jini har abada, kuɗinku ya ke so.

In abin ya auku

Alamun shanyewar jiki su kan zo farat ɗaya: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta saki, magana ta sarƙe, ko ido ya rufe, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda ba a taɓa ji ba. Ko da abin ya wuce bayan 'yan mintoci, gargaɗi ne, a je. Haka kuma ciwon ƙirji mai dannewa, ko numfashi ya gagara, ko awo ya kai 180 bisa 120 tare da ɗaya daga cikin waɗannan. A nemi mota nan take zuwa babban asibiti, gama kowace awa da ta wuce wani sashe na ƙwaƙwalwa ne ke mutuwa. A kwantar da shi ta gefe, a sassauta masa riga. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko rubutu, domin maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, sai ya shaƙe ko abin ya gangara huhu. Addu'a a yi ta a cikin mota ana tafiya. Kada a turara masa hayaƙi, kada a yi masa tsaga. A lura da lokacin da abin ya fara don a gaya wa likita, a kuma tafi da takardar awonsa da duk ƙwayoyin da ya ke sha.